Na zana wani ɗan daudu da na sani ina yaro, yayana ya ce in yaga

Mai_Gawayi
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka daɗe a nan sun san ni da zanen mutanen da. Na yi Kanta a gindin ganuwar Surame, na yi Yargoje ta Zamfara, na yi Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari sojan Faransa a 1899. Yau tambaya na kawo, kuma ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Kwanan baya ina duba ayyukan masu zane na ƙasashen waje, sai na ga wasu sun yi jerin hotunan mutanen tarihi da na almara waɗanda ba su bi hanyar da aka san maza ko mata da ita ba. Wani namiji ne mai shigar mata, wata mace ce da ta zauna a kujerar maza, wasu kuma an ce jinsinsu suke so. Nasu bai tsaya mini a rai ba. Wanda ya faɗo mini shi ne wani ɗan daudu mai sayar da tuwo a wata tasha nan Gusau. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Shekarar da mahaifinmu ya rasu, ni ake aike da kwano da 'yan kuɗin da ba su kai ba. Yakan ɗaura zani a kan singileti, da hula a kansa, hannun hagu da lalle, na dama riƙe da mara. Sai ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce ka tsaya a rana? Miƙo kwanon." Ya cika, ya tura tsoka biyu ƙarƙashin malmala don kada masu layi su gani, ya rufe da faifai.

Daren jiya na zana shi da gawayi. Yayana ya gani ya ce in yaga kafin wani ya ɗauka a waya. Ba hukuncin luwaɗi nake tambaya ba, wannan na sani. Tambayata biyu ce: akwai irin waɗannan mutane a tarihinmu da tatsuniyoyinmu? Kuma za a iya zana su ba tare da an mai da su abin dariya ba?

Baban_Khalifa
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, yayanka ya fi ka gaskiya. Da kanka ka ce a wurin Turawa ka gani. Haka ake farawa, yau zane, gobe a ce a tausaya, jibi a ce a halatta. Jarumai sun ƙare ne? Ka zana Abdullahin Gwandu, ka zana masunta a Matan Fada. Ka bar wannan.

Gwaggon_Mafara
Baban Khalifa, wanga zance naka akwai gyara. Ni na kai shekara sittin, kuma tun muna ɗiya ƙanana munka san 'yan daudu, tun ba mu taɓa ganin talabijin ba balle waya. Bikin yayata a Talata Mafara su sunka yi girkin. Uku ne, tun asuba sunka kafa tukwane, mu mata muna gefe muna koyon yadda ake kwaɗa taushe. Kazar da ɗayansu ka soyawa har yau ban ci irinta ba. Ana zaginsu, ana kuma kiransu in hidima ta tashi, gaskiyar magana kenan. Ban ce abin kirki ne namiji ya ɗaura zani ba. Na ce dai ba Bature ya kawo ba.

Ɗana Mai Gawayi, Allah shi jiƙan wanda ya ciyar da maraya.

Bakabe_Argungu
Amin Gwaggo. Mu ma nan hakanan ne, kowace kasuwa ta mako da rumfarsu.

Almajirin_Jega
Bari in sa baki, don na ga ana neman haɗa abubuwa uku a tukunya ɗaya, alhali malamanmu sun rarrabe su tun da daɗewa.

Na farko aikin luwaɗi da maɗigo. Haramcinsu ba shi da saɓani, shi kansa mai tambaya ya ce ba shi yake nufi ba.

Na biyu wanda Larabawa ke kira mukhannas, wato namiji mai ɗabi'ar mata a magana da tafiya. Hadisin Ibn Abbas a Buhari ya zo da la'ana ga maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, wannan ba a ɓoye shi. Amma Imam Nawawi a sharhinsa na Muslim ya kasa su biyu: wanda aka halicce shi a haka ba da ƙoƙarinsa ba, ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro wa kansa, shi ne abin zargi. A Madina ma akwai su. Ummu Salama ta ruwaito labarin wanda yake shiga wurin matan gida, har ranar da aka ji yana siffanta wa ɗan'uwanta jikin 'yar Gailan ta Ɗa'ifa, sai Annabi (SAW) ya hana irinsu shiga wurin mata.

Na uku mata-maza, wanda aka haifa da halitta biyu. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Halil ya san da mas'alar gadonsa littafin ya rufe: idan lamarinsa ya rikice ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Kalmar ƙarshe ta littafin ma ita ce "fala ishkal", wato babu rikici. To mutumin da fiƙihu ya yanka wa gado, ai ba za a ce babu shi a tarihinmu ba.

Baban_Khalifa
Allah ya gafarta Malam, na ji. To shi zanen kansa fa? Ba a hana surar mai rai ba?

Almajirin_Jega
A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta shi ne gunki mai inuwa, cikakken jiki. Zane a takarda ko bango, mashhurin zance karhanci ne. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma ina girmama su. Sai dai wannan hukunci ɗaya ne ko Kanta aka zana ko mai tuwo, kuma ban ga an yi ƙorafi ranar da ya sa mana Kanta ba.

Ɗan_Tsafe
Ka zana Sarauniya Amina mana. Ta ƙi aure, ta sa kayan yaƙi, ta ja maza. Ai ta shiga layin.

Ɗalibar_Tarihi
Ɗan Tsafe, nan ne nake jin tsoro. Mace ta hau doki ta yi yaƙi bai nuna komai game da abin da zuciyarta ke so ba. Ita almarar Amina ma cewa ta yi a kowane gari takan ɗauki namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi. Ka ga ko almarar ba ta goyi bayanka ba.

Yaya Mai Gawayi, matsalar jerin zanen da ka gani ita ce Turawa suna da kalma guda da suke tattara mutanen nan duka a ciki, su kuma mutanen ba su san da kalmar ba. Ga misali. Hatshepsut ta mulki Masar wajen shekara 1,470 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gumakanta da yawa da gemun sarauta aka sassaƙa su. Gemun nan ba na gaske ba ne, ɗaura shi ake yi, alamar kujerar Fir'auna ce kamar yadda rawani yake a wurinmu. Wanda ya zana ta ya ce ga mace mai son zama namiji, ya faɗi abin da bai da hujja a kai. A nan gida Najeriya akwai Ahebi Ugbabe ta Enugu-Ezike, wadda ta rasu a 1948. Ta zama sarki, ba sarauniya ba, ta kuma biya sadakin mata ta ajiye su a gidanta. Amma a al'adar Ibo mace mai dukiya takan yi haka don 'ya'yan da matan suka haifa su zama nata, su ɗauki sunan gidanta.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani kabari da aka gano a Sakkara ta Masar a 1964. Maza biyu ne, Niankhkhnum da Khnumhotep, shugabannin masu gyara wa sarki farce, sama da shekara dubu huɗu da suka wuce. A bangon an zana su rungume da juna, hanci na taɓa hanci, irin yadda ake zana miji da mata a lokacin. Kuma a bangon dai akwai matansu da 'ya'yansu. Wasu masana sun ce masoya ne, wasu sun ce 'yan'uwa ne, watakila tagwaye. Mai zanen farko ya yi aikinsa ya tafi, har yau ana gardama. Ni in zan ba da shawara, ka zana abin da aka gani da ido: zani, lalle, mara, kwano. Kada ka rubuta a ƙasan hoton abin da mutumin bai faɗa da bakinsa ba.

Ɗan_Tsafe
Na karɓi gyara, ƙanwata. To babanni fa, na fada? Na ji an ce tun zamanin Rumfa a Kano suke riƙe sarautu.

Ɗalibar_Tarihi
Haka ne, Muhammadu Rumfa aka ce ya fara ba su muƙamai. Amma su bayi ne da aka yi wa dandaƙa da ƙarfi, yawanci tun suna yara. Zalunci aka yi musu, ba ɗabi'a suka tashi da ita ba. In za a zana su, to a zana su a babin bauta.

Bakabe_Argungu
Kun tahi Masar kun bar gida. Shi sunan Daudu daga ina ya hito? Daudu kirarin Galadima ne, kuma cikin iskokin bori akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai ado da turare da caca da kyauta, shi anka danganta 'yan daudu da shi. Kakata ta ba ni labarin wasan bori da ta gani tana budurwa, kahin a hana. Tac ce in Ɗan Galadima ya hau mace, sai a sa mata babbar riga a naɗa mata rawani, ta zauna zaman 'yan sarki tana rabon goro da kuɗi, kowa na gaishe ta da gaisuwar namiji. In kuma iska mace ce ta hau namiji, shi ka yafa zani. Ga almara nan tamu ta kanmu in almara kake nema. Ban ce a koma ga bori ba, Allah shi kiyashe mu, amma an yi shi a ƙasar nan, kuma Inna ta Gobir a Alƙalawa ita ce uwar 'yan bori har zuwa jihadi.

Maman_Nusaiba
Kun tuna mini da tashe! Mu a Birnin Kabi duk azumi sai mun yi Mairama da Daudu. Ni ce kullum Daudu saboda na fi tsawo. Rigar babanmu nake sawa tana jan ƙasa, da hularsa, a shafa mini gashin baki da baƙin tukunya. Ba wanda ya taɓa cewa mun yi laifi, har kuɗi tsofaffi ke ba mu. Samari ma sukan cusa tsumma a riga su yi shigar mata. Wannan ma zai yi kyau a zane wallahi.

Baban_Khalifa
Hajiya, tashe wasan yara ne na kwana goma, a wanke fuska a koma makaranta. Kada a haɗa shi da wanda ya mai da abin sana'a har tsufa.

Maman_Nusaiba
Ban haɗa ba Alhaji. Bakabe ne ya kawo rawani, ni kuma na tuna da hula.

Gwaggon_Mafara
Tun da an zo ga hula, jajin Nana Asma'u malfa sunka riƙa sawa, an naɗe ta da jan ƙyalle, su tahi ƙauyuka suna karantar da mata. Malfa kuwa ta maza ce a ganin yau. Su waɗanga malamai ne na 'yan taru, wato taron mata ɗaliban Nana, ba wanda ya isa ya yi musu wani zato. Shi ya sa zancen ɗiyar nan mai tarihi ya shige ni, tufa kaɗai ba ta faɗin mutum.

Lauyan_Sabon_Gari
Ni ta wajen doka zan yi magana, don yayan Mai Gawayi ba tsoron banza ya ji ba. Zamfara ce ta fara aiki da dokar laifuffuka ta shari'a a Janairun 2000, Kabi ta biyo baya. Sannan akwai dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga kafa ƙungiyarsu ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Hoton dattijo yana kwasar tuwo bai shiga ko ɗaya ba a fahimtata. Amma ba kotu nake ji maka ba, mutane nake ji. Hoto in ya shiga waya, wani zai yanke bayaninka ya sa nasa.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: kada ka zana fuskar wanda ke raye, kada kuma ka sa alamar da za a gane rumfa ko unguwa. Na taɓa zama da wani yaro da aka yi wa dukan kawo wuƙa saboda kawai an ce tafiyarsa ta mata ce. Ba a kama shi da komai ba. Haƙoransa biyu na gaba a hannu ya zo da su, a ƙulle cikin leda. Shi marigayin naka ma yana da dangi, ka tuna da su.

Mai_Gawayi
Na gode Barista. Ban sa sunan tasha ba, fuskar ma a karkace take, yana kallon kwano.

Zayyana_Yauri
Ni abokin sana'a ne, bari in taɓa tambaya ta biyu da kowa ya tsallake. Abin da ya ɓata mana ido shi ne wasan kwaikwayo. Duk ɗan daudun da aka nuna a fim, hannu a ƙugu, baki a murguɗe, ido a juye, ana tafa hannu ana shewa don a yi dariya. In ka ɗauki fensir, hannunka da kansa zai so ya bi can, domin ita ce surar da ta zauna a kai. Na gwada na gani. Maganin shi ne ka ba shi aiki a hannu. Mai kwasar tuwo kafaɗarsa a sunkuye take, damtsensa na mai tuƙa babbar tukunya ne, akwai tabon ƙuna a bayan hannu, idonsa ja saboda hayaƙi. Ka bar lallen ya fito kaɗan a gefen yatsu, kada ka cika shi kamar na amarya. Zanin kuma ka ba shi nauyi, wanda ya sha wanki ya koɗe. In mai kallo ya fara ganin mai abinci kafin ya lura da zanin, to ka dace. Da gawayi kake yi ko? Ka goge hasken tururi da ɗan tsumma, zai raba fuskar da duhun rumfa.

Almajirin_Jega
Ɗalibar Tarihi ta kai mu Masar, ni bari in ƙara na Larabawa, don kada a zaci littattafanmu sun yi shiru. Ɗuwais mawaƙin Madina, wanda aka haifa a shekarar da Annabi (SAW) ya yi wafati, mukhannas ne, da ɗan bandirinsa yake waƙa, kuma malaman adabi sun rubuta labarinsa. Abu Nuwas na Bagadaza, zamanin Haruna Rashid da ɗansa Amin, ya yi waƙoƙin giya da na samari a fili, ya kuma yi na tuba masu sa kuka. Malaman adabi sun kawo baitocinsa misali a littattafansu ba tare da sun yarda da aikinsa ba. Rubuta labarin mutum daban, wanke shi daban.

Ɗalibar_Tarihi
Malam ya yi daidai, kuma akwai ɗaya gefen. Masu irin wannan jerin zane sukan mai da kowa gwarzo. Mwanga na biyu, sarkin Buganda da ke ƙasar Uganda ta yau, yana shiga jerin wasu, alhali a 1886 ya sa an ƙone samarin fadarsa a Namugongo, kuma cikin dalilan da aka ambata akwai ƙin da suka yi masa bayan sun karɓi Kiristanci. Wanda zai zana shi sai ya zana wutar ma.

Baban_Khalifa
Na karanta duka, kuma ban sauka daga matsayina ba. Ina da 'ya'ya maza huɗu, kowanne da waya. Ku kuna da ilimin rarrabe mukhannas da mata-maza da mai aikin assha, su ba su da shi. Hoto kawai za su gani, an yi shi da kyau, an girmama shi. Wannan nake tsoro. Amma ƙanena, maganar da na yi da farko cewa daga Turawa ka ɗauko, na janye ta, Gwaggo ta fi ni sani. Kuma wanda ya ciyar da kai kana maraya yana da haƙƙin addu'a a kanka. Ka yi masa sadaka, ta fi zane isa gare shi. In ka ƙi yagawa, ka ajiye a akwati.

Sadiya_Bunza
Ni ɗan'uwan mahaifiyata haka yake tun yana ƙarami, muryarsa da komai. An yi duka, an yi rubutu, an yi masa aure. Yana salla, yana azumi, shi ya yi jinyar kakarmu shekara uku yana wanke ta. Ranar da ya rasu wasu sun ƙi zuwa jana'iza. A gidanmu ko hotonsa ɗaya babu, an cire daga albam. Ban iya gardamar ilimi ba. Ina karanta zancen mai tuwon nan ne kawai ina hawaye.

Gwaggon_Mafara
Allah shi gafarta mishi, ɗiyata. Allah shi sa jinyar nan ta tsaya mishi.

Mai_Gawayi
Amin. Na gode muku duka, har da Baban Khalifa, sadakar kuwa zan yi ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Ban yaga ba, ban kuma sa a intanet ba tukuna. Na nuna wa mahaifiyarmu da yamma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce na yi kuskure a ɗaurin zanin, wai shi ba a ƙirji yake ɗaurawa ba, a ƙugu ne, ya soke gefen hagu, kuma kullum da ɗan tawul a kafaɗa. Ta ce ashe ita ma ta san da tsokar da yake ɓoyewa. Zan sake shi da shawarar Zayyana. Na tashen Maman Nusaiba da na Ɗan Galadima kuma ina son in gwada, sai dai ban san irin rawanin da ake naɗa wa macen ba. Bakabe, kakarka ta faɗi launinsa?

Bakabe_Argungu
Ba ta hwaɗi ba, rigar dai na tuna tac ce mai aiki ce a wuya. Akwai ƙanwarta da ta rage a Augie, in na tahi ƙarshen wata sai in tambaye ta.

Zayyana_Yauri
Tawul ɗin nan ka sa shi a kafaɗar da ke kusa da wuta, ka ɗan baƙanta bakinsa.